Idan ramin intanet na kwamfutar tebur ya mutu: yadda ake zaɓen kati da saka shi

Duk shekara idan aka yi ruwan farko mai tsawa, ba a kwana biyu sai an kawo mini kwamfutar tebur da ƙorafi iri ɗaya: tana tashi lafiya lau, tana buɗe komai, amma intanet ya ƙi. A bara wani mai shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista ya shigo da tasa a kafaɗa, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya dire ta a kan benci ya ce, "Injiniya, taimaka ka duba mini. An ce madabod ne ya ƙone, wai sai na sayi wani." Na juya bayanta, na soka wayar da na san lafiyarta ƙalau, ƙananan fitilun nan biyu na bakin ramin ko ƙyaftawa ba su yi ba. Na ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Madabod na nan da ransa, ƙofa ɗaya ce ta lalace, kuma an bar mana wurin fasa wata." Ɗan kati da bai kai tafin hannu ba muka saka, kafin ya gama shan ruwan da na ba shi aiki ya dawo.

Abin da ya ƙone a kwamfutarsa shi ne adaftar sadarwa, wato ɓangaren da ke magana da rauta (na'urar da ke raba intanet) a madadin kwamfuta. A da kati ne mai zaman kansa, yanzu an manne shi a jikin madabod, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Sai dai tun kwamfutar IBM ta 1981, wadda ta zo da ramuka 5 na ƙari, masu ƙera kwamfutar tebur suke barin gurabe inda mutum zai ƙara abin da ya rasa ko ya maye gurbin abin da ya lalace. Waɗannan ramuka su ne za su gaya maka katin da za ka saya. Mai shago bai ga cikin kwamfutarka ba, saboda haka kada ka je kasuwa kafin ka buɗe ta.

Da farko, tabbatar cewa adaftar ce ta mutu

Sau da yawa ba ita ba ce. Soka wayar intanet a bayan kwamfuta ka dubi fitilun bakin ramin. Idan babu wadda ta kama, canza waya da wata da ka ga tana aiki a wata kwamfutar, sannan ka canza ramin da aka soka ta a jikin rauta ko suwic (akwatin da ke raba wayoyin intanet ga kwamfutoci da yawa), domin tsawa kan kashe rami ɗaya ta bar sauran. Ɗan ƙugiyar robar da ke kan waya idan ta karye, wayar kan zame kaɗan ba tare da ido ya gani ba. Tura ta da yatsa ka gani ko fitila za ta kawo.

Idan shiru, sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake buɗewa kafin Windows ya tashi. A Dell ana danna F2 yayin tashi, a HP F10, a yawancin Lenovo F1, a madabod ɗin haɗi kuwa Del. Nemi inda aka rubuta Integrated NIC ko Onboard LAN ka ga ko a kashe yake. Kwamfutocin da ake kawowa daga ofisoshin Turai da Amurka wani lokaci haka suke zuwa.

Daga nan sai Windows. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc, Device Manager zai buɗe. Duba ƙarƙashin Network adapters. Idan ka ga wani abu mai alamar ruwan ɗorawa a ƙarƙashin Other devices da sunan Ethernet Controller, adaftarka tana raye, direba kawai ta rasa, wato manhajar da ke koya wa Windows aiki da na'urar, kuma wannan ya fi faruwa bayan an sake ɗora Windows. Ba ka bukatar sayen komai, tsallaka ka karanta sashen direba. Haka nan idan fitilu na kamawa amma lambar da kwamfuta ta samu ta fara da 169.254, kwamfutar ce ta raɗa wa kanta lamba don rauta bai ba ta ba. Laifin yana wajen rauta ko waya.

Amma idan waya lafiya, rauta lafiya, BIOS a kunne, kuma ko dai adaftar ta ɓace daga Device Manager gaba ɗaya ko tana nan tana cewa ba a soka waya ba alhali an soka, to ta riga mu gidan gaskiya.

Buɗe akwati ka ga me aka bar maka

Kashe kwamfuta, zare wayar wuta, cire murfin gefe. A ƙasan madabod ta wajen baya za ka ga ramuka a jere, kowanne yana fuskantar wani siririn ƙarfe da ya toshe taga a bayan akwatin. Abu biyu kake nema a nan: irin ramin, da tsawon ƙarfen.

Ramuka iri biyu za ka iya tararwa. Akwai tsohon PCI da Intel ya fito da shi a 1992, galibi fari ne, kuma ɗan shingen da ya raba shi biyu yana can ta cikin akwati, nesa da baya. Akwai kuma PCI Express, wanda ake taƙaitawa PCIe, da ya zo a 2003. Shingensa yana kusa da bayan akwati, kuma tsawonsa ya bambanta: x1 shi ne ɗan guntun, kusan santimita 2 da rabi, x4 ya kusa santimita 4, x16 shi ne dogon mai ƙugiya a ƙarshe, kusan santimita 9, inda ake saka katin hoto. Duk da kamar sunan, PCI da PCIe ba sa shiga na juna. Na ga wanda ya matsa katin PCI a ramin x16 da ƙarfin tsiya har ya lanƙwasa haƙoran ramin, ya zo neman maganin abu ɗaya ya tafi da ciwo biyu.

A cikin dangin PCIe kuwa akwai sauƙi: ƙaramin kati yana shiga babban rami. Katin x1 zai zauna a x4 ko x16 ya yi aiki daidai, sai dai sauran ramin ya zauna fanko, wanda ba laifi ba ne. Sabon kati ma yana aiki a tsohon rami, su daidaita a kan gudun wanda ya fi rauni. Layi ɗaya na PCIe na farko yana ɗaukar megabayit 250 a daƙiƙa, na biyu na 2007 ya ninka zuwa 500, na uku na 2010 ya kusa 1,000. Katin gigabit bai wuce bukatar megabayit 125 ba, ka ga ko mafi tsufan x1 ya ishe shi har da saura. Tsohon PCI kuwa megabayit 133 ne duka-duka, kuma duk katunan da ke kansa rabawa suke yi. Idan kana da ramukan biyu, ɗauki PCIe ka manta da ɗayan.

Sai tsawon ƙarfe, kuma a nan ne mutane suka fi asarar kuɗin mota. Babban akwati mai tsayi yana ɗaukar ƙarfe mai kusan santimita 12. Siraran kwamfutocin ofis da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre masu kwanciya a tebur, gajeren ƙarfe suke ɗauka, kusan santimita 8. Katin kirki yana zuwa da ƙarafa biyu a kwali, dogo a jikinsa, gajere a leda, sukuru biyu za ka kwance ka musanya. Idan babu gajeren a kwali, kuma taka siririya ce, ajiye shi. Kada ka yarda da "a yanke shi da zarto" ko "a saka shi haka nan ba ƙarfe." Katin da ba a ɗaure ba, duk lokacin da aka ja waya sai ya motsa a raminsa, wata rana zai motsa da wuta a jiki.

Idan taka irin 'yan mitsi-mitsin nan ce masu girman littafi, babu ramin PCIe a ciki. Naka USB ne, ko ɗan katin M.2 irin na laftof.

Kafin ka rufe, ɗauki hoton ramukan da wayarka, ka kuma rubuta lambar samfurin kwamfutar. Gani ya kori ji.

Waya, Wi-Fi, ko USB?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Kwamfutar da ba ta motsi daga tebur, kuma ana cin abinci da ita, waya ta fi dacewa da ita. Waya ba ruwanta da katangar bulo, ba ruwanta da maƙwabta goma da kowa ya kunna nasa Wi-Fi. Inda ake raba firinta, ko ake zana jarrabawa a kwamfutoci da yawa, ko ake ajiye hotunan kyamarar tsaro, ba na ko tattauna zancen. Katin gigabit mai x1 shi ne abin saye. Akwai mai gigabit 2.5, amma sai suwic ko rautarka ma suna da shi za ka ga bambanci.

Katin Wi-Fi na PCIe na wanda jan waya zai yi masa wuya ne, kamar ɗan haya da mai gida ya hana fasa bango. Ya fi na USB nesa ba kusa ba, saboda eriyarsa manya ce kuma tana waje. Ka dai san ma'anar lambobin da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali. AC1200 ba ya nufin za ka ga megabit 1,200: an haɗa 300 na zangon gigahaz 2.4 ne da 867 na zangon 5, kai kuwa ɗaya kake hawa a lokaci guda, kuma ko shi ba ka samunsa cikakke. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango da nisa amma cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 ya fi gudu amma bango biyu sun isa su karya shi. Duba rautarka tukuna. Ƙananan MiFi da yawa 2.4 kaɗai suke bayarwa, ka ga sayen katin Wi-Fi 6 dominsu kamar sayen doki ne a ɗaure a zaure.

Na USB shi ne mafi sauƙi, ba buɗe akwati. Mai ramin waya a kan USB 3.0, wato rami mai shuɗin harshe, yana kai gigabit. A USB 2.0 kuwa, wanda iyakarsa megabit 480 a takarda, da ƙyar ya haura 300 a aikace. Ƙananan na Wi-Fi masu kamar farce suna aiki, amma idan ka soka su a bayan akwatin ƙarfe da aka tura jikin bango, ka binne su ke nan. Sayi wayar ƙarin tsawo ka ɗora shi a kan tebur. Wannan yana kuma nesanta shi da ramukan USB 3.0, waɗanda hayaniyarsu kan dami zangon 2.4.

Wani abu da mutane ke mantawa: idan MiFi ko wayar hannu ce tushen intanet ɗinka, sau da yawa soka ta kai tsaye da wayar caji mai ɗaukar bayanai ya wadatar. Ba ka bukatar kati ko kaɗan.

A kasuwa

Sunan da ke kan kwali ba shi ne mai aiki ba. Ɗan baƙin guntun da ke tsakiyar kati, wato cif, shi ne komai, kuma kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa. A katin waya za ka fi ganin Realtek RTL8111 ko RTL8168, mai tambarin kaguwa. Yana da araha, Windows 10 da 11 sun san shi ba sai an sha wuya ba. Na Intel, irin su I210 ko tsohon 82574L, sun fi tsada kuma sun fi jure aiki dare da rana, su nake saka wa kwamfutar da sauran ke dogara da ita. A Wi-Fi, Intel AX200 da AX210 sun yi suna, da sharaɗi guda: ba su da direban Windows 7, sai Windows 10 mai bit 64 zuwa sama. Wanda har yanzu yake kan Windows 7, da Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020, sai ya nemi tsohon kati ko ya sabunta.

A kula da AX201. Lamba ɗaya ce ta raba shi da AX200, kamanninsu ɗaya, amma rabin aikinsa yana cikin wasu madabod na Intel ne. A kwamfutar AMD ko a kan faifan PCIe ba zai ko nuna alamar rai ba.

Ka ce a buɗe kwali a gabanka. Duba gajeren ƙarfe, eriya biyu, da 'yar wayar Bluetooth idan katin na da shi. Duba haƙoran zinariya na ƙasa: tsohon kati ba laifi ba ne, na ofis da aka ciro ma sukan fi sabon jabu aminci, amma haƙori mai baƙin tabo ko ƙuna a bar shi. Idan ka ga an kankare rubutun kan cif, ka san akwai abin da ake ɓoyewa. Sannan ku yi magana a fili: "Maigida, in bai yi ba zan dawo da shi gobe," ya amsa da bakinsa, ya rubuta a rasit. Araha ba ta ado.

Saka shi

Kayan aikin sukundireba mai kan gicciye ne kawai, da ɗan faranti na zuba sukuru.

Kashe kwamfuta ta hanyar Windows, sannan ka zare wayar wuta daga bayanta. Kashewa kaɗai ba ta isa ba, domin muddin waya na jiki akwai bolt 5 da ke zagaya madabod ko da fanka ta tsaya, kuma ramukan ƙari ma suna da 'yar wutarsu ta jiran aiki. Idan akwai UPS, ka tuna shi ma wuta ne. Bayan ka zare, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 don ragowar wutar ta zube.

Kwantar da akwatin a kan tebur, ba a kan kafet ko katifa ba. Taɓa ƙarfen akwatin inda babu fenti kafin ka taɓa kati, kuma ka riƙa maimaitawa. Ka san yadda a hunturu idan ka tuɓe rigar sanyi cikin duhu kake jin tas-tas, ko ƙofar mota ta ɗan ja ka? Wannan wutar da jiki ke tarawa, wadda ba ta kai ka ji ta ba ma, ta isa ta kashe cif. A damina da sauƙi, a bushewar hunturu kuwa ban da wasa. Bar katin a ledarsa mai ruwan toka har sai ka shirya, ka riƙe shi ta gefe da ta ƙarfe, kada yatsa ya hau haƙoran zinariya.

Idan ƙura ta cika ramin, kaɗe ta da busasshen buroshi mai laushi ko abin hura iska. Ba da baki ba, yawu na biyo iska. Idan da injin hurawa ne, dafe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima.

Cire ƙarfen da ya toshe tagar da ke daidai da raminka. Wani sukuru ne ya riƙe shi, wani kuma, musamman a Dell da HP, wani marfi ne ake ɗagawa ya saki dukansu. A akwatuna masu araha ƙarfen a manne yake, sai an yi ta lanƙwasa shi gaba da baya ya ɓalle. Yi a hankali, bakinsa reza ne, kuma kada ƙasansa ya karci madabod.

Yanzu daidaita katin. Ido biyu za ka sa: ɗaya a kan tsagar haƙoran kati ta hau daidai shingen rami, ɗaya a kan harshen ƙasan ƙarfe, wanda dole ya faɗa cikin 'yar tazarar da ke tsakanin gefen madabod da bangon akwati. Mafi yawan katin da "ya ƙi shiga" wannan harshen ne ya hau kan wani abu. Idan sun daidaita, ɗora manyan yatsu biyu a saman katin ka danna tsaye, da ƙarfi daidai wa daida, ba girgizawa gefe da gefe. Za ka ji ya nutse. Leƙa da tocila: zinariyar ta kusa ɓacewa, kuma abin da ya rage a waje daidai yake daga farko zuwa ƙarshe. Idan gaba ta nutse baya ta ɗago, zare ka sake. Ɗaure sukuru ko mayar da marfi, ka lura kada ɗaurin ya ɗaga bayan katin.

Katin Wi-Fi mai Bluetooth yana da ƙarin aiki. Wi-Fi ɗin ta ramin PCIe yake bi, Bluetooth kuwa ta USB, shi ya sa aka ba ka 'yar wayar nan. Kai ɗaya a jikin kati, ɗayan a kan allurai 9 na madabod da aka rubuta wa USB ko F_USB. Akwai wasu allurai masu kama da su na sauti, an rubuta AUDIO, gurbin allurar da aka cire ne ya bambanta. Idan ya ƙi shiga kada ka tilasta. Siraran kwamfutocin kamfani da yawa ba su da wannan wurin sam. Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth ne za ka haƙura da shi.

Ɗaura eriya da yatsu kawai, ban da filaya, ka buɗe su kamar ƙahon sa. Idan akwatin a ƙarƙashin tebur yake, eriya mai doguwar waya da ake ɗorawa a sama ta fi.

Direba, da matsalar kaza da ƙwai

Kana bukatar intanet don sauke direba, kana bukatar direba don samun intanet. Mafita mafi sauƙi ita ce ka sauke shi tun kafin ka fara, a wata kwamfutar, ka sa a filashi. In ka manta, soka wayar Android da kebul, shiga saitin Hotspot ka kunna USB tethering, kwamfuta za ta hau intanet ɗin wayar, sai ka bar Windows Update ya nemo. Ka sa ido a kan data, Windows ba ya jin tausayi.

Idan ba ka san wane cif ne ba, kwamfutar da kanta za ta faɗa. A Device Manager danna dama a kan abin mai alamar ɗorawa, zaɓi Properties, sai Details, sai Hardware Ids. Za ka ga rubutu kamar VEN_10EC&DEV_8168. Na farkon kamfani ne, na biyun samfuri. 10EC Realtek ne, 8086 Intel, 14E4 Broadcom, 168C Atheros, 14C3 MediaTek. VEN_8086&DEV_2723 shi ne AX200, kuma da wannan ake kama ƙarya: kwali na iya faɗin abin da ya ga dama, lambar nan ita ce gaskiyar abin da ka saya. Masu Linux su rubuta lspci -nn.

Sauke direba daga shafin mai cif ɗin ko mai kwamfutar. Shafukan nan masu manyan koren maɓallai da ke cewa za su gyara maka duk direbobi lokaci guda, na sha wanke kwamfutocin da suka cika da tallace-tallace da ƙwayoyin cuta.

Lambar kuskure 28 na nufin babu direba. Lamba 10 na nufin na'urar ta kasa tashi: cire direban ka saka daidai, in ya ƙi, kashe ka sake zaunar da katin. Idan kuwa ko alamarsa babu a Device Manager, ba zancen direba ba ne. Ko bai zauna ba, ko ramin a kashe yake a BIOS, ko katin matacce ne. Gwada shi a dogon ramin x16 kafin ka koma kasuwa da faɗa.

Gwaji

Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna sabon katin sau biyu ka dubi Speed. Katin gigabit da suwic na gigabit su nuna 1.0 Gbps. Idan ka ga 100 Mbps, kusan kullum waya ce. A cikin wayar akwai silli 8. Gudun 100 yana amfani da 4 kawai, na 1 da 2 da 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas ɗin. Silli ɗaya daga cikin sauran huɗun ya tsinke ko bai matsu ba, sai su koma 100 shiru ba sanarwa. Sake matse kan bisa tsarin T568B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa, iri ɗaya a kai biyun. Kada tsawon ya wuce mita 100. Waya mai lambar Cat5e ta isa gigabit, amma a kasuwa akwai wadda gorar ruwa ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silli ɗaya da reza: in cikinsa fari ne, ita ce, tana saurin karyewa kuma ba ta jure nisa.

Sai ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce rautarka, misali 192.168.0.1. Rubuta ping da wannan lambar. A kan waya amsa ta dawo cikin milisakan 1 ko ƙasa. Sannan ping 8.8.8.8. Idan na farko ya amsa na biyu ya ƙi, katinka ya gama nasa, magana ta koma wajen mai ba ka sabis ko datarka. Kuma kada ka zargi kati idan saukewa na nuna 2.5 alhali an ce maka 20: sabis da megabit ake auna shi, saukewa da megabayit, ana rabawa da 8.

Koma BIOS ka kashe matacciyar adaftar, ka liƙa tef a bakin raminta, in ba haka ba yaron shago zai soka waya a can ranar da ba ka nan. Sabon kati yana da sabuwar lambar MAC, wato lambar shaidarsa a kan sadarwa, saboda haka idan a ofis ne da ake tantance kwamfutoci da ita, a sanar da mai kula da sadarwa. Idan Wi-Fi na yankewa bayan kwamfuta ta yi barci, shiga Properties na katin, Power Management, cire alamar da ta ba Windows izinin kashe shi.

Sauran katunan

Hannun da ya saka wannan zai saka kowanne. Katin USB 3.0 na raya tsohuwar kwamfuta, sai dai da yawansu suna son a ja musu wuta daga wayar SATA, irin wadda ke kai wuta ga ma'ajin bayanai. Faifan ɗora NVMe, wato ma'ajin bayanai mai sauri, yana son x4 ko x16, kuma tsofaffin madabod da yawa za su ga ma'ajin a cikin Windows amma ba za su iya tashi daga kansa ba. Katin hoto shi ne mai cin wuta: ramin x16 iyakarsa wat 75, akwatin wutar siraran kwamfutoci kuwa ƙarami ne, don haka irin GT 1030 mai wat 30 shi ne daidai da su. A laftof katin Wi-Fi ɗan M.2 ne ko mini PCIe, maɓallan eriyarsu ba girma ɗaya ba ne, kuma wasu tsofaffin ThinkPad sukan ƙi baƙon kati da kuskure mai lamba 1802.

Ta ina tsawar ta shigo?

Na bi Alhajin nan shagonsa washegari, don kati na biyu ma zai ƙone in ba a san hanyar da ɓarnar ta biyo ba. Yana da sitabilaiza, yana da UPS, yana mamakin yadda aka yi. Duk waɗannan wayar wuta suke gadi, ba ruwansu da wayar intanet. A bayan kowane ramin waya akwai 'yar taransifoma da aka ƙera ta jure kusan bolt 1,500, tsawa kuwa ko ba ta faɗo a kan gini ba, wutar da take cusawa cikin doguwar waya tana iya fin haka. Da muka fita waje sai ga ta: wayar shuɗiya ta fito ta taga, ta hau kwanon rufi, ta tsallaka lungu a sama zuwa shagon ƙaninsa da suke raba sabis.

Na ce, "Alhaji, wannan ce ta ci maka rami." Mafita uku na ba shi: a haɗa shagunan biyu da Wi-Fi, ko a ja wayar gilashi wadda ba ta ɗaukar wuta, ko a sa abin kare tsawa na wayar intanet a kai biyun, da sharaɗin a haɗa shi da sandar ƙasa ta gaske, don in babu ita ado ne kawai. Ya zaɓi Wi-Fi, muka naɗe wayar daga kan rufi. Kafin kayan su iso kuwa, aikin yaron shago ne da zarar hadari ya haɗo daga gabas ya zare wayar daga bayan suwic, ya ajiye kanta a ƙasa nesa da kwamfutocin.